Dokar Magunguna: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

Gabatarwa

Kowane hakimi ya san ranakun da kasuwannin ƙasarsa ke ci, ya kuma san irin hajar da ke shiga cikinsu. Ya san rumfar 'yan koli, da ta mahauta, da kara inda a ke cinikin shanu. Amma akwai wata haja da ta yawaita a kasuwannin ƙauye, wadda ta bambanta da sauran duka, watau magani. Mai sayen gero ya kan damƙi tsaba ya duba. Mai sayen sa ya kan buɗe bakinsa ya ga haƙora. Mai sayen magani kuwa ba shi da abin dubawa, gama ƙwayar kirki da ta jabu kamarsu ɗaya a ido. Ba ya sanin abin da ya saya sai bayan ya haɗiye, sa'an nan kuwa aikin gama ya gama.

Saboda haka ne Gwamnati ta ɗauki nauyin dubawa a madadin mai saye. An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu su san abin da doka ta ce game da yin magani da rarraba shi, na mutane da na dabbobi, su san hukumomin da ke riƙe da dokar, su kuma san nasu rabon aikin da inda ya tsaya.

1. Dalilin kafa doka

A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa maganin da wani ruwa mai suna dayetilin gilaikol. Wannan ruwa na masana'antu ne, a kan sa shi cikin man birkin mota da irinsu. Yana da zaƙi-zaƙi, ya kuma yi kama da ruwan da a ke narka magani a ciki, sai dai ya fi shi araha. In yaro ya sha, ƙodarsa ta kan lalace, fitsari ya ɗauke, cikin 'yan kwanaki ya cika.

A shekarar 2008 masifar ta sake dawowa. Wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka yi a Ikko, ya fito da wannan dafi a cikinsa. Yara 84 aka ƙidaya sun mutu, waɗansu a Ikko, waɗansu a Ibadan, waɗansu a Zariya. A shekarar 2013 Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure ma'aikatan kamfanin guda biyu shekara bakwai bakwai.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. A shekarar 1995, sa'ad da sanƙarau ya ɓarke a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda babu kome a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 2,500 suka rasu ta dalilin haka.

Waɗannan su ne waɗanda aka ji labarinsu, domin mutuwar ta zo a tare. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce wadda ba a ƙidayawa. Yaro ya kwana da zazzaɓin cizon sauro, uban ya sayo magani a kasuwa, aka ba shi kwana uku, alhali ƙwayar gari ce da alli. Kafin a kai shi asibiti ciwo ya ci ƙarfinsa. Iyaye su ce kwana ya ƙare, mai tallan kuwa ya wuce wata kasuwa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, kimanin ɗaya cikin goma na magungunan da ke hannun jama'a ko dai jabu ne ko marar inganci.

Ya kamata a rarrabe waɗannan biyun. Jabu shi ne wanda aka yi da nufin yaudara, aka sa masa sunan da ba nasa ba. Marar inganci kuwa shi ne wanda kamfanin gaskiya ya yi, amma haɗin bai cika ba, ko ya lalace a hanya saboda zafi da mugun ajiya. Ga majiyyaci dai duk ɗaya ne.

2. Hukumomin da ke riƙe da doka

Tsarin Mulkin 1999 ya sa sha'anin magunguna da dafi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Ma'anar wannan ita ce, doka ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba. Babu jiha, ko ƙaramar hukuma, ko masarauta da ke da ikon yi wa magani rajista, ko ta halatta abin da Tarayya ta hana.

Babbar hukuma a wannan fanni ita ce Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAFDAC. An kafa ta da Doka ta 15 ta shekarar 1993, shekara uku bayan mutuwar yaran Jos da Ibadan, ta fara aiki a 1994. Ita ke duba magani kansa: inda aka yi shi, abin da ke cikinsa, yadda aka shigo da shi, da abin da a ke faɗa wajen tallarsa. Tana da ofis a kowace jiha, da ɗakunan gwaji a Yaba ta Ikko, da Kaduna, da Maiduguri, da waɗansu wurare. Tana da sashe na musamman mai kula da maganin dabbobi.

Ta biyu ita ce Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Ita ke duba mai sayarwa da shagonsa. Ita ke yi wa masana haɗa magunguna rajista, ita ke ba masu kemis lasin.

Ta uku ita ce Majalisar Likitocin Dabbobi, mai yi wa likitocin dabbobi rajista, tana kuma duba wuraren aikinsu. Ta huɗu ita ce NDLEA, wadda aka kafa a 1989 domin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi.

A taƙaice, in matsala a jikin magani ta ke, NAFDAC a ke gaya wa. In a wurin mai shago ta ke, Majalisar Harhaɗa Magunguna. In ta shafi kayan maye, NDLEA.

Aikin nan ba wasa ba ne, gama masu cinikin jabu suna da dukiya da ƙarfi. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, an harbi motarta a watan Disamba na 2003, Allah ya kuɓutar da ita. Duk da haka aikin ya ci gaba. A watan Maris na 2022, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna tsarin Nijeriya na kula da magunguna, ta sa shi a mataki na uku cikin matakai huɗu, watau tsarin da ya kafu, yana kuma aiki.

3. Yadda a ke yi wa magani rajista

Doka ta 19 ta shekarar 1993 ta hana a yi magani, ko a shigo da shi, ko a yi tallarsa, ko a sayar, sai an yi masa rajista. Wanda ke son rajista ya kan gabatar da takardun da ke bayyana haɗin maganin, da amfaninsa, da illarsa. Sa'an nan ma'aikatan hukuma su je masana'antar su duba tsabtarta, da injunanta, da ruwan da a ke aiki da shi, da littattafan da a ke rubuta kowane haɗi. Su ɗebi samfuri su kai ɗakin gwaji, a auna ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, kuma daidai gwargwado. In duk ya yi, sai a ba maganin lamba. Wannan ita ce lambar NAFDAC da a ke gani a jikin kwali. Rajistar shekara biyar ta ke yi, sa'an nan a sabunta.

Lalle a lura, kowane magani da lambarsa. Kamfanin da ke yin iri goma, lamba goma zai nema. Wanda ya ɗauki lambar wani magani ya buga a kan wani ya yi jabu.

Mafi yawan magungunan da a ke sha a ƙasar nan daga waje su ke zuwa, musamman Indiya da Sin. Saboda haka hukuma ta naɗa wakilai a waɗannan ƙasashe biyu, masu gwada kaya tun kafin a ɗora su a jirgi. An kuma keɓe waɗansu tashoshin jiragen ruwa da na sama inda magani zai sauka, ba a yarda a shigo da shi ta iyakar ƙasa ba. Wannan ya shafi hakiman da ƙasarsu ke bakin iyaka, kamar wajen Illela, da Jibiya, da Maigatari, da Kamba. Katan ɗin maganin da ya ƙetaro a bayan babur ko raƙumi bai bi ta hannun mai dubawa ba, ko da kuwa kwalinsa ya fi na kowa kyau.

Rajista ba ita ce ƙarshen aiki ba. Hukuma ta kan shiga shaguna ta ɗebi magani ta sake gwadawa. In ta sami wani haɗi da aibi, ta kan ba da sanarwa a janye shi. Ta kan kuma hana abin da ta taɓa halattawa in ɓarnarsa ta bayyana. Misali, a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda samari da matan aure suka mai da shi abin maye. Tiramadol kuma, mai awo 50 da mai awo 100 kaɗai aka yarda da su, su ma sai da takardar likita. Duk wanda ya wuce haka, kamar mai awo 200 ko 225, haramtacce ne ko a hannun wa aka gan shi.

4. Hanyar da magani ke bi

Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce, magani ya fito daga masana'anta ko hannun mai shigowa, ya je wurin babban dillali mai lasin, daga nan ya je asibiti, ko kantin masanin haɗa magunguna, ko kemis mai lasin, sa'an nan ya isa ga majiyyaci. A kowane zango akwai rasit. Amfanin wannan shi ne, in aka sami aibi a ƙauye, a iya bin sawu har tukunyar da aka haɗa shi. In kuma aka gano aibi a masana'anta, a iya sanin duk inda kayan suka bazu.

Doka ta 25 ta shekarar 1999 ta hana tallan magani a ka, ta hana sayar da shi a kasuwa, ko tashar mota, ko cikin mota, ko rumfar bakin hanya, ko duk wurin da ba shi da lasin. Ta yanke wa mai wannan laifi tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko duka biyu. Mai yi ko sayar da jabu kuwa, ɗaurinsa daga shekara 5 ne zuwa 15, ko tara, ko duka biyu.

Wani ya ce, in maganin na kirki ne, ina laifin sayar da shi a faifai? Amsa ita ce, rana kaɗai ta isa ta ɓata shi. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce awo 30. A watan Afrilu kuwa zafin Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce 40 a inuwa, balle a kan faifai tsakiyar kasuwa. Ban da wannan, mai talla ba shi da mazauni. In maganinsa ya yi ɓarna, babu inda za a same shi.

Shekaru da yawa babban cinikin magani na Arewa a Sabon Gari ta Kano a ke yinsa, cikin cunkoso da zafi. Daga can 'yan sari ke kai kaya ƙauyuka, har Nijar da Cadi. Gwamnati ta tsara a tara manyan dillalai a cibiya guda, inda ma'aikatan hukuma ke zaune suna duba abin da ke shiga da fita. Ta Kano tana Dangwauro, a kan hanyar Zariya. A watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin kotu, aka rufe shaguna fiye da 1,000 a Sabon Gari domin masu su su koma can. A watan Fabrairu na 2025 kuma aka yi samame a manyan kasuwannin magani na Anaca, da Aba, da Idumota ta Ikko.

A ƙauye, wanda jama'a suka fi zuwa wurinsa shi ne mai kemis. Sana'arsa halal ce a doka in yana da lasin, kuma yana da amfani ƙwarai inda asibiti ke da nisa. Amma lasin ɗinsa na shekara guda ne, ana sabuntawa, kuma an ƙayyade masa jerin magungunan da zai sayar, cikin kwalinsu na asali. Lasin bai ba shi izinin kwantar da majiyyaci, ko ƙarin ruwa, ko ƙarin jini, ko tiyata ba. Bai kuma ba shi izinin ɓare ƙwayoyi iri-iri ya ƙulle a leda ya ce haɗi ne ba, gama ƙwayar da aka raba da kwalinta an raba ta da sunanta da ranar lalacewarta.

5. Maganin dabbobi

Dokar rajista ba ta bambanta maganin mutum da na dabba ba. Maganin sammore, da na hanta, da na tsutsar ciki, da na kaska, da na kaji, duk sai da lambar NAFDAC.

Makiyaya sun riga sun ga amfanin magani mai inganci da idonsu. Ciwon bushiya ya kusa ƙarar da shanun ƙasar nan wajen shekarun 1890, ya kuma sake yin ɓarna a farkon shekarun 1980. Allurar rigakafi ce ta kawar da shi, har aka bayyana a 2011 cewa babu shi a duniya duka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin ciwon huhu, da harbin daji, da waɗansu cututtukan tumaki da awaki da kaji. Irin wannan allura sai da sanyi ta ke rayuwa. Kwalbar da aka shimfiɗa a tabarma a kara ta riga ta mutu, ko da asalinta daga Vom ne.

Ɓarnar mugun maganin dabbobi iri uku ce. Ta fari ita ce asarar dukiya. Magungunan sammore irin su Berenil da Samorin suna cikin waɗanda a ke yawan kwaikwaya. Makiyayi ya sayi ƙunshi na ƴan kuɗi kaɗan domin ya sami rangwame, ya yi asarar saniyar da ta fi kuɗin maganin ninkin ba ninkin. Araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce, ƙwayar cuta ta kan saba da magani. In aka ba dabba maganin da ƙarfinsa bai kai ba, ko aka raba na saniya ɗaya ga uku, ko aka tsaya kafin kwanaki su cika, raunanan ƙwayoyin cuta su kan mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Gaba ko an kawo maganin gaskiya ba zai ci su ba. Da yawa daga magungunan kashe ƙwayoyin cuta da a ke ba dabbobi, kamar taramaisin, dangi ɗaya ne da waɗanda a ke ba mutane a asibiti. Ƙwayar cutar da ta gagara a garke tana iya isa gida ta nono, ko nama, ko ruwan sha.

Ta uku ita ce saurar magani cikin abinci. Kowane maganin dabba mai rajista an rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira bayan an ba da shi, kafin a yanka dabbar, ko a sha nononta, ko a ci ƙwan kaza. Wani 'yan kwanaki ne, wani ya kan kai mako uku ko huɗu. Abin da a ke gani kuwa shi ne, saniya ta yi ciwo, a yi mata allura yau, in ba ta tashi ba gobe a sayar wa mahauci da gaggawa kada ta mutu mushe. Wanda ya ci tsiren ya ci maganin da ba shi aka rubuta wa ba. Nan ne Sarkin Fawa da Arɗo ke da babban aiki.

6. Maganin gargajiya

Doka ba ta hana mai maganin gargajiya sana'ar da ya gada ba. Amma in ya ɗura maganinsa a kwalba ko leda, ya sa masa suna, ya fitar da shi kasuwa, to, ya shiga ƙarƙashin hukuma. NAFDAC ta kan gwada irin wannan ta ga ko yana da dafi. In ba shi da shi, ta ba shi lamba ta shekara biyu, mai harafin L a ƙarshe. Wannan lamba shaida ce kawai cewa ba a sami abin cutarwa a cikinsa ba. Ba ta tabbatar da cewa yana warkar da abin da mai shi ya faɗa ba. Tallan magani kuma, a rediyo ko a lasifika, sai hukuma ta ga kalmomin ta yarda. Mai mota da lasifika da ke cewa kwalba guda na maganin ciwon suga, da hawan jini, da rashin haihuwa, da basir, ya karya doka tun kafin ya sayar da ko ɗaya.

7. Abin da za a duba a jikin kwali

Ko wanda bai yi karatun likita ba yana iya duba abubuwa biyar. Na ɗaya, lambar NAFDAC. Na biyu, sunan kamfanin da ya yi maganin da cikakken adireshinsa. Na uku, lambar haɗi, watau lambar da a ke ba duk maganin da aka haɗa a lokaci guda. Na huɗu, ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, a kuma lura ko an kankare ko an liƙa wata takarda a kai. Na biyar, ko hatimin kwalba ko kwali yana nan ba a taɓa ba.

Tun 2010 an fito da wata dabara ta wayar hannu. Yawancin magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta suna da wani ɗan wuri a rufe a jikin kwali. A kankare, a aika lambar da ta bayyana ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo nan take ko na gaskiya ne. Hukuma kuma tana da kundi a intanet mai suna Greenbook, inda a ke iya duba ko lambar da ke kwali ta dace da sunan maganin.

Sai dai a yi hattara. Ɓarawo ma ya iya buga lamba. Rashin lamba ya isa a ƙi magani, amma ganin lamba kaɗai bai isa a amince ba. Abin da ya fi tsare mai saye shi ne ya sayi magani a wurin da ke da lasin, inda mai shi ke zaune gobe da jibi.

8. Rabon hakimi

Ma'aikatan hukuma kaɗan ne, mazauninsu kuwa babban birnin jiha. Ba za su iya halartar kowace kasuwar ƙauye ba. Hakimi kuwa babu baƙon da zai kwana a ƙasarsa bai ji ba. Abin da a ke nema gare shi ke nan:

Ya san kowane kemis da kowane mai sayar da maganin dabbobi a ƙasarsa, ya kuma nemi ganin lasin na bana. Wanda ba shi da shi, a yi masa nasiha ya je ya nema, in ya ƙi a rubuta.

Ya umarci Sarkin Kasuwa da shugabannin tasha kada su ba mai tallan magani rumfa ko fili, kada kuma a karɓi kuɗin kasuwa a hannunsa, gama rasit ɗin kasuwa ya kan zame masa abin kāriya, ya nuna wa jama'a kamar izini ne.

Kada ya ba kowa takardar shaida a kan magani. Masu talla sun san darajar hatimin sarauta, su kan zo da gaisuwa su nemi ɗan rubutu, ko hoto tare da hakimi. In maganin ya kashe wani, sunan hakimi ne a gaba.

Ya tara dagatai, da masu unguwa, da limamai, da arɗaɗɗai, da ungozomomi, a karanta musu sanarwar janye magani duk lokacin da ta zo, a kuma sa mai shela ya kewaya ranar kasuwa.

In yara biyu ko uku a gari guda suka daina fitsari bayan shan magani iri ɗaya, ko shanu suka faɗi bayan allura ɗaya, ya aika wa shugaban sashen lafiya ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira rahoton wata. A kai marasa lafiya asibiti, a kuma hana shan sauran.

Akwai kuma iyaka. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 mulkin En'e ya kau, hakimi ba shi da kotu, ba shi da 'yan doka. Kada ya ci tara, kada ya ƙwace kaya ya ƙona, kada ya bari matasa su far wa mai talla. Kayan da aka ƙona shaida ce aka ƙona, mai laifi kuwa sai ya fita a kotu. Kama mutum aikin 'yan sanda ne da ma'aikatan hukuma. Kada kuma hakimi ya shiga roƙo a saki wanda aka kama domin ɗan gari ne, gama waɗanda ya cuta su ma 'yan gari ne.

9. Rabon malamin hakimi

Malami shi ne mai riƙe da alƙalami, kuma ƙarar da ba ta da rubutu ba ta zuwa ko'ina. Ya buɗe littafi guda domin wannan sha'ani. A gaba ya jera shagunan magani, da sunan mai kowane shago, da lambar lasin, da shekararsa. A baya ya riƙa rubuta ƙararraki.

Kowane rahoto ya ƙunshi sunan maganin kamar yadda ya ke a kwali, harafi da harafi, lambar NAFDAC, lambar haɗi, ranar lalacewa, inda aka saya, da ranar, da kuɗin, wanda ya sha ko dabbar da aka ba, abin da ya faru, da kwana nawa bayan sha. Ya rubuta abin da aka gani kawai, kada ya yanke hukunci da kansa cewa jabu ne, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Ya karɓi sauran maganin da kwalinsa, ya ƙulle, ya rubuta kwanan wata a kai, ya ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa, har mai karɓa ya zo ya sa hannu. Ya aika kwafi ga ƙaramar hukuma, da ofishin NAFDAC na jiha, da majalisar Sarki, ya ajiye ɗaya.

Lambar haɗi ita ce mafi muhimmanci cikin duka. Da ita hukuma za ta san sauran garuruwan da kwalaben wannan haɗi suka tafi. Layi guda da malami ya kwafa daidai a ƙauyensa yana iya tsirar da yaran wata jiha da bai taɓa zuwa ba.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin maganin jabu da marar inganci?
2. Wace hukuma za a gaya wa in kemis ba shi da lasin? Wace ce kuma in kwalba ba ta da lamba?
3. Don me aka hana sayar da magani a kasuwa ko da na kirki ne?
4. Me lambar da ta ƙare da harafin L ke nufi, me kuma ba ta nufi?
5. Don me a ke jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa allura?
6. Waɗanne abubuwa uku ne aka hana hakimi yi wa mai tallan magani?

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan darasi a zaman dagatai na gaba, malami kuma ya buɗe littafinsa kafin ranar kasuwa mai zuwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da zaman lafiya, amin.